SIKI, ƊAN SENEGAL DA YA ƘI FAƊUWA

(Jawabin da wani ɗan ƙungiya, tsohon mushen lakwal, ya yi a taron bayan kaka. Mun buga shi yadda ya faɗa, don ƴan uwa da ke nesa su samu rabonsu.)



Iyayenmu dattawa, malamai, alhazai, ƴan uwa maza da mata, da ku samari masu shirin ɗaure kaya, ina gaishe ku da zuwa. Shugaba ya ba ni izinin magana, na gode.

A taron da ya wuce, bayan an tashi, gardama ta kaure gindin bedi tsakanin samari da wasu dattawa. Samari sun ce damben Nasara sana'a ce mai fid da mutum daga talauci dare ɗaya. Wani baba daga cikinku ya ce shi bai taɓa jin ɗan damben da ya tsufa da dukiyarsa ba. Da gardama ta ƙi ƙarewa, sai anka ɗora mini nauyi in kawo labarin ɗan dambe guda, tun daga haihuwarsa har kabarinsa, kowa ya auna da kansa. Na zaɓi wani ɗan Senegal da duniya ta sani da suna Battling Siki. Shi ne mutum na farko haifaffen Afirka da ya zama zakaran duniya a damben Nasara. Kuma ɗan ci-rani ne kamar da yawanku, sai dai shi tafiyarsa ba ta da ranar komowa.

DAMBENSU DA NAMU

Kafin in shiga labari, bari in share fage don iyayenmu da ba su taɓa kallon wanga dambe ba. A damben gargajiya hannu ɗaya ake ɗaure wa zare, ɗayan kuwa kariya ne. A na Nasara hannu biyu duka ake sa wa safa mai kauri, kuma duka biyun ake kai naushi da su. Ba shuri, ba taɗiya, ba kama ƙafa. Fagen wani dandamali ne mai kusurwa huɗu da anka kewaye da igiya. Kowane turmi minti 3 ne, a huta minti 1. A zamanin Siki akan yi turmi 15, wani lokaci har 20. In mutum ya faɗi, alƙalin tsakiya ya ƙirga har 10, in bai tashi ba an kashe shi ke nan, kamar yadda muke cewa a dambe. In kuwa an kai ƙarshe ba wanda ya kwanta, sai a duba wanda ya fi kai naushi mai kyau a ba shi.

Kuma ba a haɗa ƙato da siriri. Ana auna mutane a sikeli, kowa da ajinsa. Ajin Siki shi ne na waɗanda ba su wuce kilo 79 ba, wato ajin da a lokacin ke bin na manyan ƙarti. A zamanin Siki kowane aji yana da zakaransa na duniya guda, kamar yadda takobin kokowa ke hannun mutum guda a ƙasarmu har a kayar da shi.

Abu na ƙarshe da nake so ku riƙe, don shi ne gishirin labarin: ɗan dambe ba shi ke nemo wa kansa abokin karawa ba. Yana da mai gida, ana ce masa manaja. Shi ke ciniki, shi ke sa hannu a takarda, shi ke karɓar kuɗi ya cire nasa ya miƙa saura.

YARON SAN LUWI

An haifi Siki ran 16 ga Satumba 1897, shekara biyu kafin Nasara su ci Damagaram. Garinsu San Luwi, wanda mutanen wurin ke kira Ndar, tsibiri ne a bakin kogin Senegal daf da inda ya faɗa teku. A lokacin nan ne hedkwatar Faransa ta yammacin Afirka duka, kafin a mai da ita Dakar a 1902. Birni ne mai benaye da masallatai da kantuna da jiragen ruwa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Sunansa na yanka Amadu Mbarik Fal, Nasara kuma sunka laƙa masa Louis.

Yana ƙaramin yaro, bai ko balaga ba, wata Baturiya mai sana'ar rawa ta gan shi, ta ɗauke shi a jirgin ruwa zuwa Faransa don ya riƙa yi mata aike. Ba a daɗe ba sunka rabu, yaro ya samu kansa a kudancin Faransa, wajen Marsey, ba uwa ba uba, ba wanda ya san gidansu. Ya yi wankin kwanoni a otel, ya yi ƴan aikace-aikacen da duk baƙo ke yi don ya samu na tuwo. A cikin haka ya faɗa gidan koyon dambe. Yana da shekara 15 ya fara hawa dandamali ana biyansa. Daga 1912 zuwa 1914 ya yi karo goma sha wani abu a garuruwan kudu, ya ci wasu, an ci shi a wasu. Ba wanda ya ɗauke shi bakin komi.

SOJA

A 1914 babban yaƙin duniya na farko ya tashi. Siki ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 17. Waɗanda kakanninsu sunka yi sarwisi sun ji labarin wanga yaƙi: ramuka cike da taɓo, sanyi mai tsinke yatsu, igwa dare da rana. Ya fito da ransa, an kuma ba shi lambobin jarumta biyu na sojan Faransa, Croix de Guerre da Médaille Militaire. Ba a ba mutum waɗanga lambobi don ya iya share bariki.

Da anka sallame shi a 1919 ya koma dambe, amma wanda ya koma ba yaron da ne ba. Jiki ya cika, tsoro ya fita. Daga ƙarshen 1919 zuwa tsakiyar 1922 ya yi karo fiye da 40 a Faransa da Holan da Beljik da Jamus, kusan duka shi ya ci. A Holan ya fi samun sakewa. Can ya zauna da wata ƴar ƙasar a birnin Rotardam, har sunka samu ɗa namiji a 1921. A watan Yuni 1922 ya doke Marcel Nilles, ɗaya daga manyan ƙartin Faransa. Daga nan sunansa ya isa kunnen manya.

WANDA ZA SHI KARA DA SHI

A wancan lokaci ba wanda Faransa ke ji da shi kamar Georges Carpentier. Ɗan talakawa ne daga yankin masu haƙar gawayi a arewacin ƙasar, kyakkyawa, mai fara'a, ya yi yaƙi a cikin sojan sama. A 1920 ya je Amurka ya ciwo sarautar duniya ta ajin kilo 79. A ran 2 ga Yuli 1921 ya haura ajin manya ya kara da Jack Dempsey, damben farko a tarihi da kuɗin ƙofa ya wuce dalar Amurka miliyan 1. Dempsey ya kwantar da shi a turmi na 4, amma mutanensa ba su rage sonsa ba, kuma sarautar ajinsa tana hannunsa.

Mutanen Pari sun daɗe ba su ga gwaninsu ya yi dambe a gida ba. Sai mai gidansa, François Descamps, ya nemi wanda za a kawo, mai suna daidai gwargwado don a cika fili, wanda kuma ba za shi ba da wahala ba. Ido ya faɗa kan Siki.

Ga abin da Siki ya bayyana daga baya da bakinsa. Ya ce masu gida biyu sun shirya magana tun kafin ranar: za a ɗan yi wasa don masu ɗaukar silima su samu abin nunawa, sannan a turmi na 4 Siki ya kwanta a ƙirga masa 10, ya karɓi rabonsa ya tafi gida ba rauni. Ya ce da farko ya yarda.

RANAR 24 GA SATUMBA 1922

Don ku gane nisan zamanin, a shekarar nan ce Faransa ta mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mulkinta, gwamna yana zaune Damagaram, ba a ko ƙaura zuwa Yamai ba. Baƙin mutum a lokacin, in ya ga farar hular kumandan daga nesa, sauka yake daga kan doki.

Ranar Lahadi ce. Filin Buffalo, a bakin birnin Pari, ya ɗauki mutum wajen 40.000. A turmi na farko Siki ya yi ta noƙewa, har ya durƙusa ba tare da naushin kirki ya same shi ba, mutane na dariya. A turmi na 3 Carpentier ya sakar masa hannun dama na gaske, ya kai shi ƙasa. Siki ya ce a nan ne zuciyarsa ta juya. An yi alkawari ba za a ji masa ciwo ba, ga shi ana dukansa da gaske. Ya dubi taron nan, ya tuna shi soja ne da bai durƙusa wa Jamus ba, ya ga ba ya iya kwanciya gaban jama'a don kuɗi. Ya miƙe. Kafin turmin ya ƙare shi ma ya kai Carpentier ƙasa.

Turmi na 4 ya zo ya wuce, Siki na tsaye. Daga nan sai duka. Fuskar Carpentier ta kumbura, jini na zuba. A turmi na 6 Siki ya yi masa ruwan naushi, gwanin Faransa ya zube, ƙafa ɗaya ta harɗe, bai tashi ba.

Sai alƙalin tsakiya, Henri Bernstein, ya ce wai Siki taɗiya ya yi, don haka an fid da shi, Carpentier da ke kwance shi ya ci. Jama'a, a nan dole a faɗi gaskiyar talakawan Pari. Su da sunka zo don gwaninsu, su ne sunka tashi da ihu sunka ce ba su yarda ba, sun gani da idonsu. Fili ya nemi ya rikice. Alƙalan gefe sunka yi shawara, anka soke hukuncin, anka ɗaga hannun Siki. Yaron da ya wanke kwanoni a Marsey ya zama zakaran duniya yana da shekara 25.

LADAN ƘIN FAƊUWA

Kuna tsammani daga nan sai daɗi. To, ku saurara.

Jaridu sunka sa shi gaba. Wasu sunka kwatanta shi da biri, har sunka harɗa kalmar zakara da sunan biri sunka yi masa laƙabi. Sunka riƙa rubuta cewa daga ƙungurmin daji anka kamo shi, wai bai san ciwo ba don ƙoƙon kansa ba irin na mutane ba ne. Mai gidansa ma, Charlie Hellers, ya taya su, don irin wagga magana tana sayar da tikiti. Siki ya sha gaya musu cewa shi ɗan birni ne, bai taɓa ganin dajin da suke faɗi ba. Mutum ne mai jin Faransanci da Holanci ban da harshen gidansu. Ba wanda ya saurare shi.

Shi kuma, a faɗi gaskiya, ya ba su abin faɗi. Kuɗi sun shigo, ya ɗinka tufafi masu tsada, ya riƙa yawo a manyan titunan Pari yana jan ɗan zaki da sarƙa. Ya shiga gidajen giya yana saya wa duk wanda ke ciki. In ya sha, faɗa ba ya yi masa wuya. Kyauta kuwa, hannunsa ba ya riƙe komi. Abokan cin mushe sunka yi masa yawa, cikinsu ba ko ɗaya mai iya ce masa bari.

A watan Nuwamba 1922, wata biyu bai cika ba da nasararsa, rigima ta haɗa shi da wani manaja a wurin damben wasu. Hukumar dambe ta Faransa, wadda dama haushinsa take ji, ta dakatar da shi wata 9, ta ƙwace sarautar Faransa da ke hannunsa. An rufe masa hanyar abinci ke nan. A nan ne ya fasa ƙwai, ya faɗi shirin da anka yi na ya kwanta.

Mutum guda ya tsaya masa, Blaise Diagne, dipiten Senegal, baƙar fatar Afirka na farko da anka zaɓa majalisar Faransa, tun 1914. Diagne ya miƙe a cikin majalisa ya kai ƙarar hukumar dambe, ya nuna ana hukunta Siki ne don ya ƙi bin umurnin a kayar da shi, kuma don launin fatarsa. Magana ta yi girma, anka kafa kwamitin bincike. Ɓangaren Carpentier sunka musanta, kwamiti ya wanke su. Daga baya anka sassauta wa Siki hukunci, amma manyan harkar ba su yafe masa ba.

An shirya masa babban karo a Landan da zakaran Ingila, Joe Beckett. Gwamnatin Ingila ta hana, don ba ta son talakawan ƙasashen da take mulka su ji labarin baƙi ya doke fari. Tun zamanin Jack Johnson, baƙin Amurka da ya riƙe sarautar manyan ƙarti daga 1908 zuwa 1915, suke da wanga tsoro.

DUBILIN

Faransa ta rufe, Ingila ta rufe, aljihu ya fara sanyi. Sai tayi ya zo daga Ailan: ya zo birnin Dubilin ya kare sarautarsa gaban Mike McTigue, haifaffen ƙasar. Ranar da anka sa ita ce 17 ga Maris 1923, ranar babbar sallar mutanen Ailan, wadda kowa ke ji da ƙasarsa. Ƙasar kuma tana cikin yaƙin basasa. Ku dattawa ku gaya mini, wane mai hankali ne ke kai takobinsa garin abokin karawa, ranar sallarsu, ya ce a yi masa adalci? Da yana da babba a kusa, da ya hana shi. Amma yunwa ba ta shawara.

A daren, bom ya tashi kusa da gidan wasan La Scala inda za a yi damben, sojoji na gadin ƙofa. An yi turmi 20 cur. Siki ne ke bi, McTigue na ja da baya yana karewa. Ba wanda ya kwanta. Anka ba McTigue. Har yau masana dambe na gardama kan wanga hukunci. Sarautar da ya samu da jininsa, wata 6 kawai ta yi a hannunsa.

AMURKA

A cikin 1923 ya haye teku zuwa Amurka, ya bar matar Holan da ɗansa a baya. Amurkar wancan zamani ta fi Faransa tsananin wariya. Akwai otel da gidan abinci da baƙi ba ya shiga. Siki bai saba da sunkuyar da kai ba, duk inda anka hana shi sai ya tsaya ya yi gardama, sau da yawa a ƙare wurin ƴan sanda. An haramta giya a ƙasar tun 1920, amma ana sayar da ita a ɓoye, kuma ƴan ta'adda ke riƙe da cinikin. Wurarensu ya riƙa shiga.

Ɗan dambe jikinsa ne gonarsa, in bai yi mata noma ba ba ta ba shi. Siki ya rage motsa jiki, ya ƙara sha. A watan Nuwamba 1923 Kid Norfolk, wani baƙin Amurka, ya ci shi a turmi 15 a babban zauren Madison Square Garden na birnin Niyu Yok. A watan Maris 1925 Paul Berlenbach ya yi masa dukan da sai da anka tsai da wasa a turmi na 10. Tsakanin nan ya yi ta yawo gari gari ana biyansa abin da ya samu, yau ya ci, gobe a ci shi. Sunan zakaran duniya ya zama abin da ƙananan ƴan dambe ke takawa su hau. Ya auri wata ƴar Amurka a 1924, sunka zauna a wata unguwar Niyu Yok da ta yi suna wajen tashin hankali, har ana ce mata Madafar Jahannama. A damanar 1925 anka soke shi da wuƙa a titi, ya warke, bai bar unguwar ba.

Ran 15 ga Disamba 1925, da asuba, cikin sanyin hunturu, wani ɗan sanda ya tarar da shi kwance rub da ciki a bakin titi na 41, ba nisa da gidansa. An harbe shi harsashi biyu ta baya. Mutumin da ba a iya fuskanta ta gaba, ta baya anka bi shi. An yi ta raɗe-raɗin cewa kan bashin giya ne na dalar Amurka 20. Ba a kama kowa ba har yau. Shekararsa 28.

An yi jana'izarsa a unguwar baƙaƙe ta Harlem. Wani babban fasto, Adam Clayton Powell, ya yi wa'azi a kansa, wasu Musulmi baƙi da ke birnin kuma sunka zo sunka yi masa addu'a. Anka binne shi a maƙabartar Flushing. Kabarin ya yi shekaru da yawa ba ko alama.

Sai a 1993, da taimakon hukumar dambe ta duniya WBC da shugabanta na lokacin José Sulaimán, anka tono ƙasusuwansa anka kai San Luwi, anka yi masa sutura irin ta Musulmi a ƙasar kakanninsa. Shekara 68 bayan mutuwarsa. Yaron da ya shiga jirgin ruwa bai ko yi sallama da kyau ba, sai a akwati ya komo.

TO, WA YA YI GASKIYA?

Yanzu mu koma gardamar gindin bedi.

Samari, kuna da gaskiyarku. Hannu biyu kawai Siki ya mallaka, da su ya tashi daga wankin kwanoni ya kai inda ba ɗan Afirka da ya taɓa kaiwa. Kuma abin da ya yi ran 24 ga Satumba ba ƙaramin abu ba ne. An saye shi, an gaya masa turmin da za shi faɗi, ya tuna shi ɗa ne ya ƙi. Bayansa wasu sun bi. Hogan Bassey na Najeriya ya ci sarautar duniya a 1957, a cikin birnin Pari ɗin nan dai. Dick Tiger, shi ma ɗan Najeriya, ya ci tasa a 1962, sannan a 1966 ya ɗauki ainihin sarautar kilo 79 da Siki ya riƙe. Mu ma nan Nijar, Isaka Dabore ya kawo mana lambar tagulla daga wasannin Olimpik na Munik a 1972, lambar farko da ƙasarmu ta taɓa samu, ko da yake shi ba damben kuɗi ya yi ba.

Baba, kai ma kana da gaskiyarka. Kuɗin da Siki ya samu sun isa su gina gidaje a San Luwi, su riƙe dangi. Ko bulo ɗaya ba su aza ba. Wasu za su ce Nasara sunka cuce shi, kuma sun cuce shi ɗin: sun zage shi, sun rufe masa ƙofofi, sun tura shi Dubilin. Amma ba su ne sunka ɗura masa giya ba. Wasu za su ce shi ya kashe kansa da shashanci. Amma ku tuna wanda anka raba da gida tun bai san dama da hagu ba, anka jefa shi ramin yaƙi yana shekara 17, sannan anka wayi gari anka zuba masa kuɗi da zagi lokaci guda. Wa ya koya masa yadda ake riƙe arziki? Wa ya koya masa yadda ake haɗiye fushi?

Ni abin da na gani a labarin shi ne wanga. A duk tsawon rayuwarsa, duk wanda ke kusa da Siki ci yake da shi: manaja, masu shirya wasa, ƴan jarida, abokan buteli. Sau ɗaya tak ɗan ƙasarsu ya tsaya masa, wato Diagne, kuma sau ɗayan nan sai da majalisar Faransa ta girgiza. Da yana da irin Diagne ƙarami a unguwa, wani kawu ko wa, wanda za shi karɓi rabin kuɗin ya aika gida, ya karanta takarda kafin a sa hannu, ya kama hannunsa da dare ya ce isa haka, mu tafi, da wataƙila ya tsufa a bakin kogin Senegal yana ba jikoki labarin Carpentier.

Ku da za ku kama hanya bayan kaka, Abijan ko Ikko ko arewa, ba dambe za ku yi ba, amma ku ma ƙarfinku za ku kai kasuwa, kuma ƙarfi yana da ranar ƙarewa. Za ku gamu da mai ce muku ku kwanta a ƙirga muku 10 don ƴan kuɗi kaɗan. Ku tuna Siki ku ƙi. In kuma Allah ya buɗa, ku sake tuna shi: ku nemi na gida ku zauna kusa da shi, ko da maganarsa ba ta yi muku daɗi. Ku kuma iyayenmu, in yaro ya yi nisa, kada a jira sai ya aiko. A riƙa neman labarinsa tun yana da rai.

Nan na tsaya. Inda na yi daidai, daga Allah ne. Inda na yi kuskure, dattawa su gyara mini. Allah shi jiƙan Amadu Mbarik Fal, shi gafarta masa. Allah shi kai matafiya lafiya, shi maido su da ƙafafunsu.